Allura, takunkumi ko killacewa: wanne ya fi kare mai raunin garkuwar jiki daga korona?

Tun ranar 5 ga Mayu, 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa cutar korona, yawancin mutane suka naɗe tabarmar maganar. Amma akwai gidajen da tasu tabarmar tana nan a shimfiɗe. Gidan da ke da wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko mai karɓar maganin sankarar jini, ko wadda ta shekara biyu tana kan magungunan danne garkuwa saboda ciwon gaɓoɓi, har gobe tari ɗaya daga bakin baƙo kan sa a kalli juna. Kuma suna da hujja. A ƙa'idojin jinya da hukumar ta sabunta a Nuwamban 2023, ta ƙiyasta cewa cikin masu raunin garkuwa 100 da suka kamu, kusan 6 za su kai ga kwanciya a asibiti, alhali a cikin masu cikakkiyar lafiya mutum ɗaya ne cikin 200.

Shawarwari kuwa sun yi wa irin waɗannan gidaje yawa. Wani ya ce a ƙara allura, wani ya ce a sayi na'urar tace iska, wani ya ce kawai a daina fita. Kuɗi da ƙarfi ba su isa a yi duka ba, shi ya sa na jera su a nan don a ga abin da kowanne ke bayarwa da abin da yake ci.

Idan na ce mai raunin garkuwa, ina nufin wanda aka yi wa dashen wata gaɓa ko ɓargo, da mai sankarar jini, da wanda ke tsakiyar karɓar maganin ciwon daji, da mai ɗauke da HIV wanda ƙidayar CD4 ɗinsa, wato ƙwayoyin garkuwar da ake ƙirgawa a gwajin jini, ta sauka ƙasa da 200 ko bai fara shan magani ba, da wanda aka haifa da naƙasa a garkuwarsa, da mai shan prednisone, maganin kumburi mai danne garkuwa, miligiram 20 ko fiye a kullum har mako biyu ko sama da haka. Rauninsu ba ɗaya ba ne, kuma wannan bambanci zai dawo mana a ƙarshe.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Tambayoyi biyar na yi wa kowace hanya. Uku daga ciki kowa zai yi su: nawa take ci, a farko da kuma wata-wata; wa zai ɗauki wahalarta kullum; wace illa ke tattare da ita. Sauran biyun su ne nake ganin an fi mantawa da su, kuma su suka fi raba gardama. Ta farko, shin hanyar tana buƙatar jikin majinyacin ya taɓuka wani abu kafin ta yi aiki? Ta biyu, idan ƙwayar cutar ta rikiɗa ta fito da sabon nau'i, hanyar za ta ci gaba da aiki ko ta tashi aiki ke nan? Wannan ta biyun ita nake kira ƙarko. Ƙwayar da ta tashi daga Alfa zuwa Delta zuwa Omikron cikin shekara guda ba abar da za a gina mata kariya mai fuska ɗaya ba ce.

Allurar rigakafi

Alluran da aka fi amfani da su yanzu, na Pfizer-BioNTech da Moderna masu fasahar mRNA da kuma ta Novavax, babu rayayyiyar ƙwayar cuta a cikinsu, don haka ba za su sa wa mai raunin garkuwa korona ba. Illarsu mafi yawa ciwon hannu ne da zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu. Kumburin tsokar zuciya yana faruwa amma ba kasafai ba, kuma an fi ganinsa a samari.

Matsalarta tana ga tambayata ta farko. Allura samfuri take kai wa jiki, jiki ne maƙerin da zai ƙera makamin. To idan maƙerin ne ke kwance fa? A 2021 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka sun auna jinin mutum 658 da aka yi wa dashe, bayan allura biyu, suka tarar 54 cikin 100 ne kaɗai jikinsu ya samar da sinadaran kariyar da likitoci ke kira antibodi. Masu shan mycophenolate, ɗaya daga magungunan da ke hana jiki ƙin gaɓar da aka dasa, sun fi samun ƙarancin amsa. Irin wannan sakamako ne ya sa hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da allura ta uku ga masu raunin garkuwa a ranar 12 ga Agusta, 2021, tun kafin a buɗe ƙari ga sauran jama'a. Masu karɓar rituximab, maganin da ake ba masu sankarar jini da wasu masu ciwon gaɓoɓi, nasu ya fi tsanani, domin maganin yana share ƙwayoyin jinin da ke ƙera antibodin ne gaba ɗaya, kuma sukan ɗauki watanni kafin su dawo.

Duk da haka ban ga dalilin barinta ba. Akwai wani ɓangare na sojojin jiki, ƙwayoyin T, da kan koyi darasin ko da antibodi bai fito ba, kuma suna taimakawa wajen hana ciwon yin tsanani. Abin da ke ƙara mata amfani shi ne lokaci. Wanda za a fara wa maganin danne garkuwa, gara ya karɓi allurar aƙalla mako biyu kafin a fara. Mai karɓar rituximab akan so a yi masa kusan mako huɗu kafin zagaye na gaba. Wanda aka yi wa dashen ɓargo kuwa, tsofaffin alluransa sun goge, sai an sake daga farko bayan aƙalla wata uku. Kada kowa ya dakatar da maganinsa da kansa wai don allura ta kama. Rasa ƙodar da aka dasa ya fi korona kusa.

Tsadarta ta danganta da ƙasa, amma gwamnatoci da yawa suna ba masu haɗari kyauta. Ƙarkonta matsakaici ne: ƙarfinta na raguwa cikin watanni, kuma ana sabunta ta don ta bi sabon nau'i. Mutanen gida su ma su yi, sai dai kada a ɗauka hakan ya rufe ƙofa, domin tun zuwan Omikron wanda ya yi allura yana iya kamuwa ya kuma yaɗa.

Garkuwar aro

Tunda jikin ya kasa ƙerawa, me zai hana a ƙera a masana'anta a zuba masa? Tunanin da ya haifar da Evusheld ke nan, haɗin antibodi biyu na kamfanin AstraZeneca, wanda FDA ta ba izinin gaggawa a Disamban 2021, ana yin sa duk wata shida. Ga masu dashe da masu sankarar jini ya zama kamar ruwan sama bayan fari. Wata goma sha uku kacal ya yi. A ranar 26 ga Janairu, 2023, hukumar ta janye izinin, saboda sama da kashi 90 cikin 100 na nau'o'in da ke yawo a Amurka a lokacin sun riga sun kuɓuce masa. Maganin bai lalace ba, ƙwayar ce ta sauya kamanni ya daina gane ta.

Sama da shekara guda babu madadi, sai a Maris 2024 aka ba Pemgarda na kamfanin Invivyd izini, ga 'yan shekara 12 zuwa sama masu nauyin kilo 40 ko fiye. Shi ta jijiya ake ba da shi kamar ƙarin ruwa, na kusan awa ɗaya, duk wata uku, sannan a zauna awa biyu ana lura da mutum, domin a gwajinsa mutum 4 cikin 623 sun sami mummunar borin jini mai iya kisa. Tarayyar Turai ta amince da wani mai suna Kavigale a farkon 2025, amma kafin ya iso hannun majinyata nau'o'in da ba ya kamawa sun riga sun cika gari.

A kan ma'aunina, wannan hanya ta ci tambaya ta farko da kyau, tunda ba ta neman komai daga jiki, ta kuma faɗi ta biyu warwas. Kuɗinta dubban daloli ne a kowane zagaye ga wanda ba shi da inshora, kuma a yawancin ƙasashen duniya babu ita sam. Wanda yake inda ake samunta, kuma likitansa ya tabbatar tana kama nau'in da ke yawo a wannan watan, ya karɓa. Amma kayan aro ba ya rufe katara, kada a jingina sauran tsarin gida a kanta.

Takunkumi mai tace numfashi

A nan zan daɗe, domin ita ce hanyar da aka fi rainawa kuma aka fi yi ba daidai ba. Korona a iska take tafiya, cikin ƙananan ɗigon numfashi da ke shawagi a ɗaki kamar hayaƙi, abin da hukumomin lafiya suka fito fili suka amince da shi a 2021. Takunkumin yadi da shuɗin nan na asibiti suna tare wani abu, amma iska na zagayawa ta gefen kunci da saman hanci. Wanda ake magana a kai shi ne mai lambar N95, ko FFP2 a ma'aunin Turai, ko KN95 a na China. N95 yana tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙurar gwaji, FFP2 kuma 94.

Akan ji masu cewa ƙwayar ta fi ramukan takunkumin ƙanƙanta, don haka aikin banza ne. Ba kamar rariya yake aiki ba. Zarurrukansa suna ɗauke da cajin lantarki da ke fizgo ƙura ta manne, kuma ƙwayar ba ta tafiya tsirara, a cikin ɗigon ruwan numfashi take. Girman da ake gwada shi da shi, wajen maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), an zaɓe shi ne don yana cikin mafi wuyar kamawa. Abin da ya fi haka girma ko ƙanƙanta ya fi sauƙin tarewa. Wannan caji ne kuma ya sa ba a wanke shi ko fesa masa sinadari. Ranar da ya sha ruwa da sabulu, ranar ya zama kyalle.

Abin da ke kashe shi shi ne rashin zama a fuska. Mai igiya biyu da ke zagaya kai ya fi mai rataye a kunne kamawa. A matse ƙarfen hancin da yatsun hannu biyu, a rufe shi da tafin hannu a fitar da numfashi da ƙarfi. Idan an ji iska a ido ko tabarau ya yi hazo, akwai kafa. Gemu yana hana shi mannewa, ko da tsiron kwana biyu ne, kuma mai gemu ya san cewa kariyar da yake samu ta ragu. Fuska ma ba iri ɗaya ba ce, don haka a gwada samfuri biyu ko uku kafin a sayi kwali guda. Sai jabu: cibiyar NIOSH ta Amurka, mai tantance takunkuman N95, ta gwada nau'o'in KN95 a 2020 da 2021, kusan 60 cikin 100 suka kasa cika ma'aunin da aka rubuta a jikinsu.

Kuɗinsa kaɗan ne a kowane ɗaya, kuma ana iya maimaita shi 'yan lokuta idan an bar shi ya sha iska tsakani, har sai igiyar ta saki ko ya jiƙe ko ya yi datti. Akwai na roba mai matacin P100 da ake canzawa, ya fi tsada a farko amma yana shekaru, sai dai yana da nauyi kuma yana danne murya. Mai ɗan bawul a gaba yana kare wanda ya sa shi ne, numfashin da yake fitarwa ba a tace ba, don haka bai dace da mai jinya ko baƙo ba.

Ba ruwansa da ƙarfin garkuwar wanda ya sa shi, ba ruwansa da sunan sabon nau'i, kuma da shi ake tare mura da RSV (wata ƙwayar cutar numfashi) da tarin fuka a lokaci guda. Iyakarsa a bayyane take: ba a cin abinci da shi, ba a barci da shi, ba a zama gaban likitan haƙori da shi. Akwai kuma nauyin da ba a faɗa, na zama kai kaɗai mai rufe fuska a cikin taro ana kallonka. Na san wannan yana sa mutane da yawa su cire, kuma ban ga laifinsu ba, amma ɗakin jiran asibiti da motar haya da jirgi ba wuraren jin kunya ba ne.

Iskar ɗaki

Inda takunkumi ya tsaya, nan gyaran iska ke karɓa. Mafi araha shi ne taga biyu masu fuskantar juna a buɗe, ko fanka a bakin taga tana tura iskar ɗaki waje. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango ba ta cikin lissafi, iskar ciki take juyawa kawai.

Na'urar tace iska mai matacin HEPA tana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙura mai girman maikiron 0.3. Amma lambar da ya kamata mai saye ya duba ita ce CADR, wato yawan tsabtatacciyar iskar da take fitarwa a awa. A Mayun 2023 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar a riƙa sauya iskar ɗaki aƙalla sau biyar a awa. Lissafin ba wuya: ɗaki mai faɗin mita 4, tsawon mita 4, tsayin mita 3 yana ɗaukar iska mita-kubik 48, a ninka sau biyar, ana buƙatar na'ura mai CADR mita-kubik 240 a awa. Sai dai lambar da ke jikin kwali ta matakin ƙarshe ce, mai ƙara, wanda ba mai iya barci kusa da shi. Gara a sayi wadda ta fi ƙarfin ɗakin a kunna ta a tsakiya. Kuɗinta na farko yana da ɗan nauyi, sannan ga wuta, ga canjin mataci duk wata shida zuwa shekara, kuma a tabbatar ana samun matacin kafin a sayi na'urar.

Wanda bai da halin wannan, akwai akwatin da ake haɗawa da hannu, wanda ya samo suna daga Richard Corsi da Jim Rosenthal a 2020: matatai huɗu masu lambar MERV 13, wato lambar ƙarfin tacewarsu, a haɗa su kamar bangon akwati, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a sama, a liƙe da salatif. Ba shi da kyan gani, amma yawan iskar da yake tacewa yakan kai na na'urori masu tsada. Na'urorin da ake tallatawa da cewa suna fitar da ozon kuwa a guje su, ozon yana ƙona huhu.

Wata 'yar na'ura da nake ganin ta cancanci kuɗinta ga mai yawan fita ita ce ma'aunin iskar kabon dayoksaid. A waje takan nuna wajen 420. Idan ɗaki ya haura 800 zuwa 1,000, alama ce ana shaƙar numfashin juna. Ba ta ganin ƙwayar cuta, kuma na'urar HEPA ba ta rage lambarta, amma tana koya wa mutum wuraren da ya kamata ya gaggauta fita.

Abu biyu a kiyaye. Tace iska ba ta kare wanda ake yi wa tari a fuska daga taku ɗaya. Sannan ga wanda fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi ƙasa sosai, buɗe taga kusa da inda ake gini ko rushe gini yana shigo da ƙurar fumfuna mai kama huhu. A irin wannan hali na'ura ta fi taga.

Killacewa

Ingila ta gwada wannan a babban sikeli. A Maris 2020 aka aika wa masu tsananin haɗari wasiƙa cewa su zauna a gida mako 12, adadinsu ya kai kusan miliyan 2.2, kuma ba a rufe shirin gaba ɗaya ba sai Satumban 2021. A farkon shirin babu allura babu magani, don haka akwai hikima a ciki. A yau ita ce hanya mafi tsada duk da ba a biyan ko sisi: aiki yana tafiya, jiki yana saki saboda rashin motsi, kaɗaici yana cin rai, wasu har ganin likita suke ɗagawa. Kuma ba ta toshe babbar kafar ba, domin cutar takan shigo ne ta hannun na gida, yaron da ya dawo daga makaranta ko mijin da ya dawo daga aiki.

Inda take da amfani shi ne idan an yanka mata wa'adi: watannin farko bayan dashe, ko kwana 7 zuwa 14 bayan zagayen maganin daji lokacin da ƙwayoyin jini ke ƙasa, ko makonnin da cutar ta yi yawa a gari. Baƙo mai mura ya dakata, wanda ya zo a zauna da shi a waje ko kusa da taga. Gwajin gida yana taimakawa, amma sakamako ɗaya mai cewa babu ba ya wanke mai alamun ciwo, sai an maimaita bayan awa 48.

Maganin da ake sha da zarar an kamu

Wannan ba ya hana kamuwa, har an gwada Paxlovid a kan mutanen da ke gida ɗaya da mai cutar bai nuna kariyar a-zo-a-gani ba. Na sa shi a jerin ne domin duk sauran hanyoyin wata rana za su yi kafa.

Paxlovid ƙwayoyi ne, safe da yamma, kwana biyar, kuma dole a fara cikin kwana biyar da bayyanar alamu. A gwajinsa na farko, kan masu haɗari da ba su yi allura ba, ya rage kwanciya asibiti da mutuwa da kusan kashi 89 cikin 100. Ga mai raunin garkuwa akwai tarko a cikinsa. Ɗaya daga sinadaransa, ritonavir, yana hana hanta sarrafa magunguna da yawa, ciki har da tacrolimus da cyclosporine da sirolimus, waɗanda su ne abincin kullum na mai dashe. A haɗa su ba tare da likita ya gyara ba, tacrolimus zai taru a jini har ya zama guba ga ƙodar da ake karewa. Haka yake karo da simvastatin na rage kitsen jini da amiodarone na daidaita bugun zuciya da wasu magungunan tsinka jini, kuma rifampicin na tarin fuka yana kashe masa ƙarfi. Mai ciwon ƙoda ana rage masa adadi. Ɗacin baki da yake sawa da dawowar alamu bayan an gama ƙananan abubuwa ne idan aka kwatanta.

Remdesivir ba shi da wannan rigima sosai, kuma gwajinsa ya nuna ragin kusan kashi 87 cikin 100, amma ta jijiya ake ba da shi, kwana uku a jere, cikin kwana bakwai na farko. Molnupiravir shi ne na baya a ƙarfi, wajen kashi 30, ba a ba mai juna biyu, amma da babu gara ba daɗi. Dangane da kuɗi, na asali suna da tsada ƙwarai, sai dai a 2021 Pfizer ta ba da lasisin yin samfurin araha don ƙasashe 95.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyar ɗin nan suna ƙarewa ne a neman gwaji, neman likita, neman kantin da ke da maganin. Tun ana lafiya a zauna da likita a rubuta a takarda: wane magani za a ba ni, wanne zan dakatar, wa zan kira idan ranar hutu ce. A ajiye kayan gwaji a gida, a kuma gwada ko da alamar 'yar kaɗan ce, domin mai shan prednisone zazzaɓi kan ƙi fito masa. Ma'aunin iskar jini na ɗan yatsa yana da amfani, 92 ko ƙasa da haka maganar asibiti ce nan take, amma a sani cewa bincike a 2020 ya nuna yana yawan nuna lamba sama da gaskiya a kan masu baƙar fata, don haka haki da ruɗewa sun fi lambar ƙarfi. Kuma cutar kan daɗe a jikin irin waɗannan majinyata; likitoci a Amsterdam sun ba da rahoton wani dattijo da ta zauna a jikinsa kwana 613. Idan alamu sun ƙi tafiya bayan an gama magani, a koma.

Goge ƙofofi da kayan cefane da sinadari kuwa, wanke hannu ya wadatar. Ƙwayoyin da ake tallatawa da sunan ƙara garkuwa ba su cikin wannan kwatance, kuma ga mai dashe wasu haɗe-haɗen ganye suna taɓa aikin magungunansa.

| Hanya | Tana buƙatar jiki ya amsa? | Ƙarko idan ƙwayar ta rikiɗa | Tsada | Wahalar kullum | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Allurar rigakafi | E | Matsakaici, ana sabuntawa | Kaɗan ko kyauta | Babu | A zaci an tsira alhali ba ta kama ba |
| Garkuwar aro | A'a | Rauni ƙwarai | Mai yawa sosai | Asibiti duk wata uku | Borin jini, ko ta daina aiki |
| Takunkumin N95 ko FFP2 | A'a | Cikakke | Kaɗan, mai maimaituwa | Mai yawa | Jabu da rashin zama a fuska |
| Taga da na'urar HEPA | A'a | Cikakke | Daga kyauta zuwa matsakaici | Kaɗan | Na'urar da ta yi wa ɗaki kaɗan |
| Killacewa | A'a | Cikakke | Asarar aiki da walwala | Mafi yawa | Kaɗaici, fashin ganin likita |
| Maganin farkon kamuwa | Kaɗan | Mai kyau zuwa yanzu | Ya danganta da ƙasa | Babu sai an kamu | Karo da wasu magunguna, makara |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai dashen ƙoda, hanta ko zuciya: takardar shirin magani ita ce ta farko, saboda rigimar tacrolimus, kuma a tambayi tun yanzu inda ake ba da remdesivir. Sai takunkumi mai kyau, sai na'ura a ɗakin kwana. Allura a ci gaba da yi, amma a yi zama irin na wanda bai tabbatar ta kama ba.

Mai karɓar rituximab ko makamancinsa, da mai sankarar jini: ku ne allura ta fi yi wa gardama, don haka ku ne garkuwar aro ta fi cancanta idan akwai mai aiki a lokacin. Idan babu, nauyin ya koma kan takunkumi da iska da mutanen gida.

Mai karɓar maganin daji zagaye-zagaye: haɗarinku yana hawa yana sauka, don haka killacewa mai wa'adi ta dace da ku. A tsaurara a mako na biyu bayan kowane zagaye, a sassauta idan gwajin jini ya farfaɗo. Zazzaɓi a wannan mako ba a jiran gwajin korona a kansa, asibiti ake tafiya.

Mai ɗauke da HIV: babu abin da ya kai shan maganin kullum har ƙwayar ta kwanta, CD4 ya hau. Wanda ya kai wannan matsayi jikinsa yana amsa allura kusan kamar na kowa. Wanda bai kai ba ya bi tsarin masu dashe, ya kuma gaya wa likita idan yana kan maganin tarin fuka.

Gida mai yara 'yan makaranta ko mai mutane da yawa: kuɗin ya tafi kan iska, tunda ba mai kwana da takunkumi. A kuma yanke tun yanzu ɗakin da mai mura zai koma, da wanda zai riƙa kai masa abinci, da inda kwalin takunkumi yake.

Wanda dole ya fita aiki: takunkumin da aka gwada ya zauna, cin abinci a waje ko shi kaɗai, da neman a ba shi wuri kusa da taga.

Wanda aljihunsa bai wuce abu ɗaya ba: kwalin N95 ko FFP2 na gaske, a riƙa juya guda biyar, ɗaya kowace rana. Taga da takardar shirin magani ba sa cin kuɗi, allurar kuma a tambaya a cibiyar da ake karɓar magani ko tana cikin waɗanda ake bayarwa kyauta.